Maigida Yana Cikin Motar

"Ku kuka fito da shi," in ji wata tsohuwa, tana nuna wani da ke sanye da hula mai hoton ɗan majalisa a tashar mota.

"Iya, ban san ki ba."

"Na san hularka. Faston maigidanku ya hana 'yata shan maganin suga, wai addu'a ta isa. Ta rasu, aka kama shi. Kabarinta bai bushe ba ya koma coci yana rawa."

"Ba ruwan maigida. Ni na ɗauko faston daga wurin 'yan sanda, maigida ko fitowa daga mota bai yi ba."

Tsohuwar ta matso kusa da shi. "Ashe yana ciki."

Mutumin ya cire hular.

"Mayar da abarka. Tashi ka kai ni, ya gaya mini da bakinsa wa zai ɗauki alhakin ran 'yata."