Motar da ke Ƙofar Gidana Ba Tawa Ba Ce

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki.

Albishirinku, gidana ya fito a bidiyon waƙa! Ɗan ƙanena Sagir ne mawaƙin, kuma wallahi abin ya ƙayatar. Kowane baiti da rigarsa, ga baƙin tabarau, ga shi jingine da dalleliyar motar aro a ƙofar gidana. Na ce ga jakina nan kyauta. Ya ce, "Haba Baba, mawaƙi ba ya jingina da jaki."

Yanzu bidiyon na kowace waya daga Zakka har Runka, kuma 'yan bindiga ma suna da waya. Don Allah a sanar da babbar murya: motar ta koma Katsina tun ranar, ni malamin firamare ne.

Ina gaida 'yan majalisarmu ta bakin kasuwa, su ma su daina ce mini Alhaji.

Malam Iro, Zakka.