Farashi Yana Ƙasan Hoto

A bencin shagon mai gyaran waya, wata mata da wani dattijo suna jiran wayoyinsu.

"Wallahi Baba, da ma kada tawa ta gyaru yau," in ji matar. "Ko na huta."

"Wane irin aiki kike yi, 'yata?"

"Takalma nake sayarwa a intanet. In sa hoto, in rubuta farashi a ƙasa ɓaro-ɓaro, amma sai an turo murya, 'Nawa ne?' In rubuta amsa, mutum ya ɓace. Jiya har girkina ya ƙone ina fama da wani."

Dattijon ya murza hularsa.

"Ni ma haka nake tambaya."

"Haba Baba, me ya sa?"

"Hoton kawai nake ganewa, ban yi makaranta ba. In aka amsa a rubuce, sai 'yata ta dawo daga aiki ta karanta mini. Kafin nan an sayar."

"To ka riƙa kiran su mana."

"In na kira, ke za ki ɗauka?"

Matar ta sunkuyar da kai.

"Gaskiya, ba kullum ba, Baba."