Malam Yusha'u da Tukwanensa na Neman Zaƙi

Da sunan Allah, tsira da aminci ga Manzonsa. Wakilin Sarkin Ruma, ranka ya daɗe. Liman da malamai, Allah ya gafarta muku. Dattawan Batsari da Safana, iyalan Malam Yusha'u, sannunmu da haƙuri.

An ce in yi magana. Zan yi, amma raina a ɓace yake.

Marigayi Malam Yusha'u ya kasance mai amfani gare mu. Shekarar da mahara suka ƙone rumbunanmu, nono ya ƙafe wa mata, shi ya jiƙa ragowar dawa har ta tsira, aka dama kunu mai zaƙi ba tare da zuma ba. Jariran da suka sha, ga wasunsu nan da gemu.

Ya kasance mai tambaya. Ya taɓa ce mini, "Maude, jariri da zaƙin nono yake fara rayuwa, ƙwaya da zaƙin tsiro. To lokacin da babu uwa, babu tsiro, sai ruwa da ƙasa da rana, da me Ubangiji ya haɗa zaƙin farko?"

Na ce, "Malam, ikon Allah ne."

Ya ce, "Na sani. Aikinsa nake son kallo."

Ya jera tukwane a bayan gidansa, yana neman haɗa zaƙi ba tare da tsiro ba. Toka, kanwa, farar ƙasa, ruwan sama, ya dafa, ya shanya. Shekara da shekaru ba ya samun komai sai baƙin danƙo mai ɗaci. Wata safiya kiyashi suka yanyame tukunya ɗaya, alamar akwai zaƙi a ciki. Ya aiko in zo in ɗanɗana. Kafin in iso, wasu sun farfasa tukwanen duka, wai tsafi yake yi. Aka kwashe yara daga makarantarsa. Mutumin da ya karantar da rabin garin nan! Ya sake gwadawa har ƙarfinsa ya ƙare, kiyashi ba su dawo ba.

Waɗanda suka fasa tukwanen suna zaune cikinmu yau, suna karɓar gumba. Ba zan kama suna ba.

Inna Safiyyatu, uwargidan Malam, ke kika yi ta ɗebo masa ruwa mutane suna dariya. Kada ki sunkuyar da kai don kowa. Hamidu ɗan Malam, ɗana ne kai, mahaifinka bai yi shirka ba, na shaida, kuma zan maimaita gaban duk wanda ya tambaya.

Mun gode wa kowa da ya tako. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Ya Ubangiji, abin da muka hana shi gani a nan, ka nuna masa a can.