Mararrabar da Ke Cikin Kaina

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu. Haleluya!

Ni ce Rifkatu daga Gwallameji. Kun saba ganina da zanen zumuntar mata ina jan waƙa. Yau ku ji abin da zanen nan ya rufe.

Ƙanena Bulus ya dawo daga gona a Tirwun, matarsa Ladi ta miƙa masa kunun gyaɗa. Ya kurɓa sau biyu, ya dafe ƙeya, ya ce kansa ya fashe. Kafin a samo keken da za a kai shi asibiti, rai ya yi halinsa.

Ni ce babba a gidanmu, bakina kuma ba ya da linzami. A gaban masu zaman makoki na ɗaga kwanon kunun na ce, “Ladi, shanye sauran mu gani!”

Ta karɓa tana kuka, ta shanye tas. Ba abin da ya same ta. Sai na ce ai mai guba ta san maganin gubarta. Na watsa kayanta waje, na kwashe 'ya'yanta biyu, na koya musu su riƙa kirana Mama. Ranar Lahadi na zo nan na yi waƙa, muryata ko rawa ba ta yi ba.

Bayan shekara huɗu, ina shanya wanki, fatar idona na dama ta sauko ta ƙi tashi, kaina kamar ana buga ƙusa. Aka yi hoton kai a asibiti. Likita ta zana mini wata 'yar mararraba a takarda.

Ta ce, “Mama, nan jijiyar jini ta rabu biyu. Taki ta buɗe da yawa, reshe ɗaya kauri, ɗaya siriri. Jini yana ta dukan tsakiyar har bangon ya kumbura kamar balan-balan. In ya fashe, sai dai Allah. Akwai wanda ya taɓa faɗuwa haka a danginku?”

Na ba ta labarin Bulus. Ta ce ba ta gan shi ba, amma alamun sun yi kama sosai, abin kuma yakan bi jini.

Wayyo Allah! Ashe ba ruwan kunu!

A kan bencin asibitin na durƙusa na ce, “Yesu, ban cancanta ba. Kada ka bari ya fashe sai na mayar wa Ladi 'ya'yanta.”

Aka tura ni wani babban asibiti, aka buɗe kai, aka matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe. Ga tabon, ku duba. Na tashi! Ku ce Amin!

Da na iya tafiya na kai yaran Ƙofar Ran, inda Ladi ke tuyar ƙosai a bakin titi. Na zube a gabanta. Ƙaramar ta ɓuya a bayana ta ce, “Mama, wace ce wannan?”

Ladi ta dube ta, ta dube ni. Ta ce, “Yaya, tashi, kina tare wa masu saye hanya. Allah ya yafe miki. Ni ban kai nan ba tukuna.”

Yaran suna wurinta yanzu. Har yau ba ta amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba.

Na gode wa Ubangiji da ya bar ni da rai. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, in ciwon kai ya zo muku farat ɗaya ku ruga asibiti. Wanda ya riƙe jijiyata yana iya komai. Ku taya ni addu'a Allah ya sa ƙaramar ta fara kiran uwarta Mama.