Ranar da Na Ce wa Ƙanena Ya Ba Ni Hanya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Ceto, iyayena da ɗiyana matan zumunta. Ku amsa da ƙarfi, don yanzu da kunne nake ganinku!

Ni ce Hannatu, matar marigayi Ayuba. Ban taɓa zama aji ba. Ɗiyata Rifkatu ke riƙe da alƙalami, na kuwa ja mata kunne kada ta gyara mini magana.

Kun san ni da sanin mutane. Daga Mafara har Bakura, a ɗauko yaro a tsayar gabana, in dubi goshinsa in faɗa muku kakarsa da garin da aka auro ta. Na yi taƙama da wannan ido, ba zan ɓoye ba.

Haifaffiyar Morai ce ni. Da na auri Ayuba, mutumin Zuru da aikin dam ya kawo, na bi Yesu, sai gidanmu suka rufe mini ƙofa. Wanda rabuwa da shi ta fi ci mini rai shi ne Tanko, ƙanena da na goya a bayana. Ya girma ya zama Malam Usman, limamin unguwarsu. Sai bayan rasuwar innarmu ya fara amsa gaisuwata. Kullum ni ke farawa. In na hango shi a kasuwa, tun daga nesa nake ɗaga murya, shi kuma ya tsaya ya jira in iso. Da haka da haka har ya fara aiko mini da gero in kaka ta yi. Lallaɓa zumuncin nan nake, don na san bai yi ƙwari ba.

Wata safiya ina tankaɗe, kaina ya sara, hannun hagu ya saki rariya, na faɗi. Aka ce hawan jini ne. Hannu ya dawo, kuka zo kuka taya ni godiya. Ban gaya wa kowa abin da bai dawo ba.

Fuskoki, 'yan'uwa! Ina ganin ido, ina ganin hanci, ina ganin baki, amma sun ƙi haɗuwa su zama mutum. Rifkatu ta shigo da sabon ɗankwali na ce mata, "Maraba da baƙuwa." Ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Ni ma na yi dariyar.

Zama ya gagare ni. In shiga ɗaki, in fito, in ɗauki tsintsiya, in ajiye. In an yi sallama gabana ya faɗi. Ni Hannatu a ce ban gane mutum ba? Sai na koyi dabara: in yi shiru har mai zuwa ya yi magana, muryarsa ta gaya mini ko wane ne.

Wata ranar Talata na shiga kasuwa. Wajen masu albasa wani mai farar riga ya tsaya a gabana, bai ce komai ba. Na kauce dama, yana nan. Rana ta dame ni, mutane na ture ni. Na ce, "Malam, ba ni hanya mana!" Ya matsa. Na wuce.

Kafin la'asar matar Tanko ta kira Rifkatu a waya. Ina ji da kunnena. Ta ce, "Malam ya ce a gaya wa Yaya, hanyar da ta roƙa ya ba ta. Ya ba ta har abada."

Wayyo ni! Ashe jira yake in gaishe shi kamar kullum.

Ranar na fasa wa Rifkatu komai. Ta kai ni asibiti a Gusau, aka ɗauki hoton kaina. Na ce wa likita ya ba ni tabarau. Ya ce, "Mama, idonki ya fi nawa lafiya." Ya ce ido ɗan aike ne kawai. Abin da ya gani yakan kai wa sashen ƙwaƙwalwa na ƙeya. Wannan ya miƙa wa wani sashe a ƙasa, ta wajen kunne, mai harhaɗa ido da hanci da baki su zama fuskar wane. Shi kuma ya aika wa ma'ajiyar sunaye da labarin mutane. Duk kafin ƙiftawar ido, kowa na ba kowa.

Na ce, "Kamar ruwan dam ke nan. Ruwa na nan, gona na nan, kwata ce ta toshe."

Ya ce, "Haka ne. Taki kwatar fuska ce ta toshe. Ta murya na gudu, ta tafiyar mutum na gudu, ma'ajiyar kuma ba abin da ya taɓa ta. Ki bi ta waɗannan."

Na ce, "Za ta buɗe?" Ya ce ba zai yi mini alkawari ba.

Na dawo gida na durƙusa a tsakar gida, rana tsaka, kaji na zagaye ni. Na ce, "Yesu, ka san ni, ban iya roƙo a hankali ba. In ka ga dama ka riƙe fuskokin duniya duka. Tanko kaɗai nake so ka mai da mini!" Na yi kuka har zanina ya jiƙe. Da na tashi, ƙafafuna sun daina wannan kai da kawowa.

Ba da jimawa ba na ji ana sunan jikan Tanko a Morai. Ba a gayyace ni ba. Na ce wa Rifkatu ta zauna gida, kada a ce ita ta nuna mini shi.

Na iske maza zaune kan tabarmi a ƙofar gida, an gama addu'a, ana rabon goro. Farar riga, farar riga, farar riga. Na durƙusa daga gefe na fara gaisuwa. Ina kwananku, ina gajiya, ina iyali, barka da arziki, Allah raya. Na ja ta da tsawo ina kasa kunne. Muryoyi suka amsa, tasa babu. Yana zaune, ba zan ga tafiyarsa ba. Ya yi shiru, ba zan ji muryarsa ba. Hanyoyin da likita ya faɗa duk sun rufe.

Wani ya ce, "Hajiya, mata na ciki."

Na sunkuyar da kai don kunya, na ce a raina, "Yesu, ga ni." Ina sunkuyen nan idona ya sauka kan ƙafafu. Kowa ya tuɓe takalmi. Can kusa da bango na ga tabon ƙuna a kan ƙafar hagu, fari, ya kama har babban yatsa. Na san tabon nan! Yana rarrafe ya taka garwashin murhun Inna, ni ke renonsa, ni na sha dukan.

Na miƙe na ce, "Tanko!"

Rabon da a kira liman da wannan suna tun yana yawo ba wando.

Ya ce, "Yau kin gane ni ke nan?"

Na ce, "Ban gane ka ba, ɗan innata. Ƙafarka na gane. Fuskarka ta ɓace mini, ta Rifkatu ta ɓace, tawa ma in na duba madubi wata tsohuwa nake gani. Ciwon nan ne ya tafi da su."

Wani dattijo ya ce, "To Malam, ashe daga yau ba kai ba sa safa." Aka fashe da dariya. Na ji ta Tanko a ciki.

Ya ce, "Mi ya hana ki faɗi, Yaya?"

Na ce, "Abin da ya hana ka tambaya."

Ya ce, "Shiga ciki, waina na hucewa."

Halleluya! Har yau fuskokin ba su dawo ba, ba zan yi muku ƙarya a gaban Allah ba. Amma abin da na roƙa an ba ni, har da ƙari. Talatar da ta wuce ina wajen masu albasa, sai na ji murya daga nesa, a tsakiyar kasuwa, gaban jama'arsa: "Yaya! Tanko ne!" Yanzu shi ke farawa.

Na gode wa Yesu da ya yi kaina da hanyoyi da yawa. Ke da ke ɓoye ciwo don kada a raina ki, faɗi, ki je a auna jininki, ki kai sauran gaban Ubangiji, yana ji. In kuma kun gamu da ni a hanya, kada ku tsaya kuna kallona. Ku faɗi sunanku, ni kuma in faɗa muku kakarku. Amin!