Sunan Ubale a Wayar Iska

A rumfar masu jiran mota a kasuwar Tudun Wada, wata dattijuwa mai sayar da daddawa ta juyo kan wani mutum mai tsohon kwat ɗin soja.

"Kai bawan Allah, matsa daga jikin kayana! Tun ɗazu bakinka ke motsi. Surkulle kake yi mini?"

"Wane irin surkulle, Gwaggo? Ebul, Beka, Cali nake cewa. Karatun wayar iska ne. Aikina ke nan a yaƙin Bama, bakin ne ya ƙi mantawa."

"Karatun banza!"

"Banza? Igwa na tashi, ruwa na zuba, wa zai ji abin da kake faɗi? Shi ya sa aka raɗa wa kowane harafi suna. Da su muke aika sunayen waɗanda suka faɗi. Ko harafi guda ba ya ɓata a hanya."

Ta ajiye faifan da ke hannunta.

"To, faɗi Ubale in ji."

"Ankul, Beka, Ebul, Lob, Izi."

"Ka taɓa aika shi?"

"Gwaggo, ai masu sunan Ubale suna da yawa."

"Nawa ɗaya ne, ɗana! Daga gonarmu a Burumburum aka tafi da shi. Yaƙi ya ƙare tun yaushe, ba gawa, ba labari. Na rasa ko sadaka zan yi masa, ko tuwo zan ajiye masa. Kun iya tsare harafi kada ya ɓata, amma ɗan mutum sukutum ya ɓace muku? Tashi ka ba ni wuri!"