Yajina ne, amma sunan Yaya ke jikin kwalba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Auwalu ne daga unguwar Sa'alaba a Jidda, kuma raina a ɓace yake.

Shekara huɗu ina haɗa yajin tsire ina kaiwa kasuwar Bab Makka a leda. Sai na ji hukuma tana ba mata masu sana'ar gida takardar shaida, har da rumfa a unguwar Balad. Na karance ƙa'idojin da kaina, na ce wa yayata Hadiza, "Yaya, ara min sunanki kawai." Ta ce to.

Ashe na tsallake layi guda: mai sunan ce za ta yi aikin da hannunta. Ranar da jami'a ta zo dubawa, aka ce in jira a waje. Ina jin Yaya tana daka, tana faɗin kayan haɗina ɗaya bayan ɗaya. Ashe duk shekarun nan kallona take! Har busasshen lemun tsami ta ƙara.

Yanzu mutane layi suke yi wa "yajin Hadiza". Ni kuwa sai, "Yalla Auwalu, yi maza ɗauko kwali."

Na ce mata wannan ƙwace ne. Ta ce, "Halas, ƙanena, kai ka miƙo min biron."

Abin haushin, na ɗanɗana nata a ɓoye, wallahi ya fi nawa.

Masu sauraro, in ci gaba da ɗaukar kwali ko in koma ledata? A gaida min abokaina na Bab Makka, ban da Sani. Na gan shi a layin Yaya.